Turmutsitsi: Wa Ya Ƙuntata Ƙofar?

Duk wanda ya taso a ƙasar Bagwai, ko a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Watari, ba ya bukatar a tuna masa da yammacin Talata, 30 ga Nuwamba, 2021. A ranar ne kwale-kwalen da ya taso daga Badau zai ƙetara zuwa Bagwai ya kife da mutanen da ke cikinsa, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa taron Maulidi. Gawa 29 aka fara ƙirgawa. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri.

Abin da ya sa muka fama wannan tsohon miki shi ne yadda jama'a suka ba da labarinsa. Daga masunta har 'yan jarida, daga zauren mai unguwa har gidan gwamnati, baki ya zo ɗaya: an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. Ba mu ji wanda ya ce yaran ne suka nutsar da juna ba, alhali kowa ya san cewa a cikin ruwan an riƙe juna, an jawo juna, kamar yadda duk mai neman numfashi zai yi. Hankalin mutane ya tafi kai tsaye ga tambayar da ta dace, wato mutum nawa jirgin ke ɗauka, mutum nawa aka zuba masa, kuma wa ke da alhakin ƙirgawa. Gwamnatin jihar ma da ta tashi ɗaukar mataki, zirga-zirgar kwale-kwale ta dakatar, ba wa'azin haƙuri ta yi wa yara ba.

Amma idan irin wannan masifa ta auku a tudu, a ƙofar gidan attajiri ranar rabon zakka, ko a harabar makaranta ranar rabon shinkafa, ko a titunan Mina ranar jifa, sai harshe ya sauya. Jaridun Turanci su buga kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, stampede, kafofin Hausa kuma su biyo su da cewa mutane sun tattake juna wajen rububin kayan sadaka. Kafin a yi wa mamatan sutura an riga an yanke musu hukunci a kanun labarai. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan kalma, musamman domin ɗalibanmu da ke cin karo da ita a jarida da takardun jarrabawa, da magidanta da ke jin fassararta a rediyo.

Kalmar ba asalin Turanci ba ce. Turawan Amurka ne suka aro ta a farkon rabin ƙarni na 19 daga Sifaniyancin mutanen Meziko, inda estampida ke nufin rugugi da kartawa a guje. Makiyayan shanu da dawakai na filayen Teksas da kewaye su ne suka fi riƙe ta, domin ita ce sunan abin da suka fi tsoro: tsawa ta faɗi cikin dare, ko wani abu ya gifta, garke na dubban shanu ya ɓarke a firgice ya nufi fuska ɗaya, ya bi ta kan duk abin da ya tarar. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa ga mutane, har aka riƙa kiran masu rububin zuwa haƙar zinare da ita. A Turancin yau tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, har ma akan yi amfani da ita idan ana nufin an ingiza mutum ya yanke shawara cikin gaggawa ba tare da ya yi tunani ba. Ko ta ina aka juya ta dai, abubuwa uku ne a cikinta: firgici, da gudu, da gushewar hankali. Manomin Watari ba baƙo ba ne ga wannan hoto. Ya taɓa ganin ƙudan zuma sun faɗa wa garke a bakin ruwa, ya ga yadda shanu ke keta gonar dawa ba su san ma da ita ba. Ya kuma san wani abu da mai rubuta kanun labarai kan manta, cewa saniya ba ta gudu sai da fili.

A nan ne kalmar ke cin amanar gaskiya. Masanan da suka ƙare rayuwarsu wajen nazarin taron jama'a, irin su injiniyan Amurka John Fruin da farfesan Birtaniya Keith Still, sun daɗe suna jan hankalin 'yan jarida cewa a mafi yawan waɗannan masifu babu wanda ya yi gudu, domin babu wurin da za a ɗaga ƙafa balle a ruga. Abin da ke faruwa lissafi ne na jiki da wuri. Murabba'in mita ɗaya bai fi dardumar sallah da wani abin kirki ba. Idan mutum 2 ne a kai, kowa na walwala. Idan suka kai 4 ko 5, tafiya ta fara gagara. Idan suka kai 6 ko 7, mutum ya daina mallakar jikinsa, taron ya koma kamar ruwa, igiyar matsi ta taso daga baya ta ɗauke shi ta kai shi inda bai nufa ba, wani lokaci ƙafarsa ma ba ta taɓa ƙasa. Fruin ya ambaci wuraren da aka tarar da shingen ƙarfe ya lanƙwashe saboda nauyin jikin mutane kawai. Ƙirjin ɗan Adam kuwa bai kai ƙarfe ba. Duk lokacin da ya fitar da numfashi sai matsin ya cike gurbin, ya kasa shaƙar wani, cikin 'yan mintoci ya suma. Da yawa daga cikin mamatan a tsaye suke cikawa, ba su faɗi ba sai bayan taron ya sassauta. Idan kuwa wani ya faɗi tun da farko, gurbinsa ya zama rami, waɗanda ke jingine da shi su rufta a kansa ba da son ransu ba, na bayansu su biyo. Wanda ke can ƙarshen layi bai san komai ba. Shi dai ya ga gaba ta motsa, ya matsa taku ɗaya, bai san takun nasa ya zama dutse a ƙirjin wata tsohuwa da ke manne da ƙyauren ƙarfe ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa mata da yara suka fi yawa a cikin gawarwaki, domin su ne gajeru, fuskarsu na daidai ƙirjin wasu, ƙashinsu kuma bai da ƙwarin na ƙarti.

Ba muna cewa firgici ba ya kisa ba ne. A Bagadaza, ranar 31 ga Agusta, 2005, jita-jitar cewa akwai ɗan ƙunar baƙin wake a cikin taro ta yi sanadin mutuwar mutane fiye da 900 a kan gadar A'imma. Irin wannan ne ya fi kusa da ma'anar kalmar Turancin, kuma shi ya sa Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya zargi masu yayata labarin tsoro kafin su mayar da shi ga masu alhaki. To amma ranar rabon zakka babu wanda ke gudun wani abu. Mutane sun zo ne domin an kira su.

Harshenmu na Hausa ya fi Turanci wadatar kalmomi a wannan fage, sai dai kowace da irin kayan da take ɗauke da shi. Turereniya daga ture ta fito, kuma ƙirarta irin ta rigegeniya da yarjejeniya ce, wadda ke nuna abin da kowa ya yi wa kowa; mai jin ta zai ɗauka kowane mamaci ya ture an ture shi. Rububi da wawaso kuwa ƙanshin kwaɗayi ke tashi daga jikinsu, kuma ba ma ganin ya halatta a liƙa su ga uwar marayun da ta fito tun asuba neman abin da za ta aza a tukunya. Turmutsitsi ta ɗan fi su adalci, domin hoton cakuɗewar jikkuna take bayarwa ba tare da ta nuna wani da yatsa ba. Waɗanda suka fi kusa da haƙiƙa su ne cunkoso da matsatsi, domin suna faɗin halin da wuri ya shiga, kuma mai jin su zai tambayi wanda ya cunkusa. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu fassara labarai su lura da wannan. Akwai tazara mai nisa tsakanin a ce mutum 7 sun mutu wajen wawason sadaka, da a ce matsatsi ya kashe mutum 7 a ƙofar da aka tara su. Jimla ta farko ta rufe bincike, ta biyu ta buɗe shi.

Larabcin Sunna ma yana da tasa kalmar. A cikin Sahihul Bukhari, Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin yadda Nana Sauda ta nemi izinin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a daren Muzdalifa, domin ta wuce Mina kafin taron jama'a ya taso, saboda ita mace ce mai nauyin jiki. Ya yi mata izini, har Nana A'isha ta yi burin da ita ma ta nema. Kalmar da aka kira cunkoson da ita a hadisin ita ce haɗma, daga tushen da ke nufin karyawa da murƙushewa. Daga tushen nan ne aikatau ɗin da ya zo a Suratun Namli ya fito, inda tururuwa ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige gidajensu kada Annabi Sulaimanu da rundunarsa su murƙushe su, sannan ta ƙara da cewa za su yi hakan ne ba tare da sun sani ba. Malaman tafsiri sun yaba wa wannan ƙwaro da ta yi gargaɗi kafin aukuwa, ta nuna mafaka, kuma ta ba rundunar uzuri. Mun sha karanta labaran turmutsitsi da ba su kai maganar tururuwar nan adalci ba.

Annabi bai tsaya ga ba wa raunana izini ba. Da ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa yayin saukowa daga Arfa, ya yi nuni da bulalarsa ya umarci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa aikin alheri ba a gaggawa yake ba. An kuma ruwaito a Musnadin Imamu Ahmad cewa ya tunatar da Sayyidina Umar cewa shi mutum ne mai ƙarfi, don haka kada ya yi cunkoso a wurin Hajarul Aswad ya cutar da mai rauni. Idan ya sami sarari ya taɓa, idan bai samu ba ya fuskance shi ya yi kabbara ya wuce. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai ga tsari ne cikakke: an rage yawan jama'a ta hanyar sallamar raunana tun da dare, an hana gaggawa, an ɗaure hannun mai ƙarfi.

Tarihin Hajjin zamaninmu ya nuna abin da ke biyo baya idan lissafi ya ɓaci. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim. A 2004 mutum 251 suka rasu a wurin jifa, a Janairun 2006 kuma fiye da 340. Duk lokacin sai a ce alhazai ba su da haƙuri. Bayan na 2006 ne masanin Jamus Dirk Helbing da abokan aikinsa suka zauna da hotunan bidiyon wurin, suka nuna cewa alamun haɗarin sun bayyana a motsin taron mintoci da dama kafin mutum na farko ya faɗi. Hukumomin Saudiyya suka rushe tsohuwar gadar Jamrat, suka gina sabuwa mai hawa-hawa, da hanyar shiga daban ta fita daban, aka kuma tsara wa kowace tawaga lokacinta. Tun daga nan ba a sake irin wancan rashi a kan gadar kanta ba. Halin alhazai bai sauya tsakanin 2006 da 2007 ba. Gadar ce ta sauya.

Na 2015 kuwa, wanda har yau akwai gidajen da ba su gama share hawayensa ba a Sakkwato da Kano da sauran garuruwanmu, a kan hanyar zuwa gadar ya faru, a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223, da safiyar Alhamis 24 ga Satumba, ranar Babbar Sallah. Saudiyya ta tsaya a kan mutum 769, kamfanin dillancin labarai na AP kuma da ya tattara alƙaluman ƙasashe ya haura 2,400, ciki har da 'yan Nijeriya 274. A cikinsu akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ta taɓa zama editar Sunday Triumph a Kano, da Farfesa Tijjani El-Miskin, da Mai Shari'a Abdulƙadir Jega na Kotun Ɗaukaka Ƙara, da Sarkin Zing, Alhaji Abbas Ibrahim. Mun jero sunayen ne domin mai karatu ya gwada kalmar a kansu ya ji ko ta zauna: editar jarida, da shehun malami, da alƙali, da sarki, wai sun ɓarke kamar garke. Ministan lafiya na Saudiyya na lokacin ya yi gaggawar cewa wasu alhazai ba su bi umarni ba. Amirul Hajjin Nijeriya na shekarar, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, ya ƙi yarda a ɗora wa alhazai laifi, ya nuna cewa masu tafiya da masu dawowa ne suka haɗu a inda bai kamata a bari su haɗu ba. Abin da ya dace a faɗa ke nan ga kowane taro, ba na Mina kaɗai ba.

Ko a Ingila an yi wannan gwagwarmaya da kalma. Bayan matsatsin filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, wanda ya ci rai 97, an shafe shekaru ana cewa 'yan kallo ne suka jawo wa kansu. Sai a 2016, bayan shekara 27 iyalan mamatan suna bin kadi, masu binciken shari'a suka tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma halin 'yan kallo bai taka wata rawa a ciki ba.

Mu dawo gida, inda abin ya fi ƙuna, domin a nan da sunan sadaka ake mutuwa. A Diffa ta Nijar, ranar 17 ga Fabrairu, 2020, mutum 20 suka rasu wajen rabon tallafi ga 'yan gudun hijira, mata 15 da yara 5. A Keffi, ranar 22 ga Maris, 2024, ɗalibai mata 2 suka rasu a jami'ar jihar Nasarawa wajen rabon shinkafa. Kwana biyu bayan haka, a tsakiyar watan azumi, mutum 7 suka rasu a Bauchi wajen rabon zakkar wani attajiri. A Disambar shekarar, cikin kwana huɗu kacal, yara 35 suka rasu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a wata majami'a a Abuja. Shekarar ce hauhawar farashin abinci ya kai kashi 40 cikin 100, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Wanda ya yi shelar rabon abinci a irin wannan yanayi, ya ce kowa ya zo, ya san ko ya kamata ya san cewa waɗanda za su amsa kiran sun ninka abin da ya tanada, kuma kowannensu zai so ya kasance a gaba domin ya san kayan ba za su kai baya ba.

Shari'a ba ta taɓa tsara zakka a kan cewa talaka ya zo ya yi layi ba. Ayar da ta lissafa masu cin zakka a Suratut Tauba ta ware kaso ga ma'aikatanta, wato Allah da kanSa Ya yi wa aikin tattarawa da kaiwa kasafi daga cikin dukiyar. Da aka aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, umarnin shi ne a karɓa daga mawadatansu a mayar ga matalautansu. Zakka ce ke tafiya ta iske mai ita. Suratul Baƙara ta fifita ɓoye sadaka, ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata ta, ta kuma nuna mana wani rukuni na mabukata waɗanda jahili ke zaton mawadata ne saboda kamun kai. Waɗannan ba za su taɓa zuwa ƙofar kowa su tsaya a rana ba. Ke nan rabon layi, ko da an tashi lafiya, ya riga ya tsallake waɗanda Alƙur'ani ya fi nuna mana. Littattafan tarihi sun kawo cewa Aliyu Zainul Abidina yakan ɗauki buhunan gari a bayansa cikin dare ya ajiye a ƙofofin gidajen Madina, ba a san shi ba ne sai da ya rasu abincin ya yanke, masu wanka kuma suka ga kanta a gadon bayansa.

Abin sha'awa shi ne ƙauyukanmu ba su rasa wannan tsari ba. A Gogori ko Romo ko Kiyawa, idan kaka ta yi, manomi yakan ƙirga dammunansa na gero da dawa, ya ware ɗaya cikin goma idan sun kai nisabi, mai noman rani da injin ban-ruwa kuma ya ware rabin haka daga shinkafarsa ko alkamarsa. Sai a aza a amalanke ko a kan yaro, a kai gidan malam, a kai gidan matar da mijinta ya rasu, a kai wa tsohon da idonsa ya tafi. Ba mu taɓa jin an mutu wajen karɓar damin zakka ba. Liman da mai unguwa da dagaci sun san kowane gida da ba a hura wuta ba jiya, sanin da babu wata takardar ofis da ta kai shi. Tsoronmu shi ne salon birni da ke kutsowa: tirela ta tsaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a makarantar firamare mai ƙofa ɗaya, a ce rabon azumi ne ko na taki, a yi shela a rediyo da WhatsApp. Ƙasar arewacin Kano kuwa ƙasa ce mai cikar jama'a, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Maganar da aka yi da hantsi, kafin azahar ta tara mutanen mazaɓu uku a kan babura.

Me ya sa mai bayarwa ke son taro? Wasu gado suka yi, haka suka tarar iyayensu na yi a zamanin da masu zuwa ba su wuce cikin zaure ba, ba su lura gari ya cika ba. Waɗannan nasiha kawai suke bukata. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, hoton suke so. Buhu 500 da aka kai gida-gida cikin dare ba ya fitowa a Facebook, amma dubun mata da suka miƙa hannu a bakin ƙyaure suna fitowa. Ba mu da ikon shiga zuciyar kowa, sai dai mu ce wanda ya ɗauko mai ɗaukar hoto bai ɗauko mai tsara layi ba, ya bayyana abin da ya fi damunsa.

Za a ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka ne. Akwai ƙartin da ke keta layi su karɓa sau uku su sayar a bakin titi, kuma gargaɗin da aka yi wa Sayyidina Umar ya fi hawa kansu. Magidanta ma akwai nasu: kada a tura yarinya ko tsohuwa ko mai goyo inda aka ce kowa ya zo. Wanda ya tsinci kansa a taro har ya ji ba ya iya ɗaga hannu ya taɓa fuskarsa, lokacin fita ya yi, ko me ake rabawa. Idan fita ta gagara, ya dunƙule hannuwansa a gaban ƙirji kamar ɗan dambe domin ya bar wa huhu wuri, ya bi igiyar taron yana zamewa gefe kaɗan-kaɗan, kada ya sunkuya ɗaukar takalmi ko waya, kada ya ƙarar da numfashinsa wajen ihu. Amma duk wannan dabarar wanda ya riga ya faɗa rijiya ce. Ba ta wanke wanda ya haƙa ta ba.

Mun ambaci rijiya da gangan. Malaman fiƙihu sun tattauna hukuncin wanda ya mutu a cunkoso tun ƙarnin farko, har Imamul Bukhari ya ƙulla masa babi a littafin diyya. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar cunkoso ya kashe wani mutum, Sayyidina Ali ya ba da shawarar kada jinin Musulmi ya tafi a banza, a biya diyyarsa daga baitulmali. A kan haka Imamu Ahmad ya tafi. Hasanul Basari ya ɗora ta a kan waɗanda suka halarta. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya ga babu diyya a kan kowa, domin ba a san wanda ya yi kisan ba, kuma ba a kama mutum da laifin da ba a tabbatar ba. Sai dai shi Imamu Malik ɗin ne a cikin Muwaɗɗa ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi, ko ya aikata wani abin da bai halatta ya aikata a wurin ba, wani ya halaka ta dalilinsa. Fatawa ba tamu ba ce, ta malamai ce. Tambayar da muke miƙa musu ita ce: mutumin da ya kira dubban mayunwata zuwa harabar da ba ta ɗaukar ɗari biyar, ya kulle ƙyaure har rana ta take, sannan ya buɗe ɓangare ɗaya, shin al'amarinsa ya fi kama da cunkoson da ba a san mai shi ba, ko da rijiyar da aka haƙa a kan hanya? Muna so mu ji an tattauna wannan a majalisun malamai da kan mumbari, domin kalmar tsautsayi ta daɗe tana rufe bakin iyalan mamata. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Sayyidina Umar ma ya yi imani da ita ranar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take.

Bayan abin da ya faru a Disambar 2024, rundunar 'yan sandan Nijeriya ta ce duk mai shirya irin wannan rabo sai ya sanar da ita tukuna. Mataki ne, amma ɗan sanda da kulki a bakin ƙofa ba ya faɗaɗa ƙofa, wani lokaci ma bulalarsa ce ke mayar da na gaba baya su haɗu da na baya. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, tana da Hisba, tana da limamai da masu unguwanni a kowane lungu. Abin da muke nema gare su shi ne su fito da ƙa'ida bayyananniya kafin azumi mai zuwa: rabon da ya wuce na cikin gida a yi shi da sunaye, unguwa-unguwa, a kai wa mutane inda suke ko a tura musu ta asusu, inda kuma taro ya zama dole, kamar filin Idi da wurin Maulidi da rufe tafsiri, a buɗe dukkan ƙofofi tun kafin jama'a su taru, a raba mashiga da mafita, a sallami mata da yara da tsofaffi da farko kamar yadda aka yi wa Nana Sauda.

Kowace haraba tana da adadinta kamar yadda kwale-kwalen Badau yake da nasa, kuma gano shi ba ya bukatar injiniya. Masu tsara taruka kan yi lissafi da mutum 2 a murabba'in mita. Shugaban kwamitin masallaci zai iya auna filin da ƙafarsa: idan tsawonsa dogon taku 20 ne, faɗinsa ma 20, wurin mutum 800 ke nan, a cire inda mota za ta tsaya da inda aka jibge buhuna. Sai ya ɗauki wannan adadi ya kai wa mai rabon, kafin a kira mai shela.